Yaya Hajara da tulunan gyaɗar Roni

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a Kazaure, Allah Ya jiƙanta. A bana na zo da albishir, kuma na san da tana nan da ta riga ni buɗe baki.

Yayata ce ciki ɗaya, malamar kimiyyar noma a wata kwaleji. Ni kuwa direbanta ne na dole, ni ke goya ta a babur zuwa ƙauyukan Roni da Gwiwa, ladana ƙosai da faɗa. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne yadda tsofaffin mata ke adana irin gyaɗa a tulu da toka da ganyen darbejiya, ya kai damina ƙwaro bai taɓa shi ba. So take ta kai abin ɗakin gwaji ta gano dalili.

Ta nemi tallafin bincike har ta gaji. Kullum amsar ɗaya ce: aikin ya yi kyau, amma yawon ƙauye ya fi ƙarfin mace mai iyali, sai dai ta shiga ƙarƙashin namiji. Haka aka yi. Abokan aikinta maza suka samu tallafin, muka ɗunguma har da mota. To, tulunan nan fa a ƙuryar ɗakin mata suke, kuma gidajen ba a shiga! Sai malaman nan da tulin takardunsu su baje a zaure suna shan fura, ita ta shige ciki ta wuni tana aune-aune. Da rahoto ya fito, sunanta na can ƙasa wajen godiya, kusa da na direban mota.

Ranar ko tuwo na kasa ci don haushi. Ita ko sai dariya take, wai ta samu maƙwabci nagari a takarda. Amma da muka hau babur sai na ji ta ce, "Sani, ni dai kada abin nan ya bi Asiya."

Asiya ita ce 'yarta ta fari, lokacin tana sakandare. Ta bi sahun uwar, bara kuma ta nemi tallafi a kan tulunan nan dai. Wallahi na fi ta fargaba. Da aka kira ta ganawa, wani cikin masu tantancewa ya tambaye ta ko za ta jure wahalar ƙauye. Ta ce masa, ranka ya daɗe, ita dai za ta iya wuce zaure. Ta ce matan kwamitin har da riƙe ciki. Mata a kwamiti! A zamanin Yaya ko a mafarki.

Ban ce komai ya gyaru ba, don ƙawayenta da dama har yanzu amsar Yaya ake ba su. Amma Asiya an ba ta, sunanta ne a sama, maza biyu na aiki a ƙarƙashinta. Da Yaya ta ga takardar nan, da unguwarmu ta sha guɗa.

Makon jiya na raka su Roni. Iya Tabawa, wadda ta fara buɗe wa Yaya tulunta, ta dogaro sanda har bakin zaure, idon ya yi rauni. Ta shafa fuskar Asiya ta ce, "Hajara, kin daɗe ba ki zo ba."

Asiya ba ta gyara mata ba. Ta ce, "Na zo, Iya," ta kama hannunta suka shige ciki. Mu maza muka zauna a zaure, aka kawo mana fura.