Baffa Julde da Waƙar da Ya Kai Cikin Daji

Ina kan keken ɗinki ranar Talata da hantsi, ina rage wa wani wando tsawo, sai ga Hansai, 'yar autar Baffa Julde, ta tsaya a bakin shagona ko sallama babu. Ta ce, "Yaya Haruna, Baffa ya cika." Na ɗauke ƙafa daga kan keke, na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Akwai mutane zaune a bencin shagon, waɗanda kullum a nan suke kashe hantsinsu. Na jira in ji wani ya ce Allah ya jiƙansa. Sai ɗaya ya gyara hula, ya kalli titi, ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Duk ɗan Birnin Gwari ya san abin da ake nufi da wannan addu'a: ita ce ake yi wa mamacin da ba a son a kama sunansa. Tun daga wannan lokaci zuciyata take tafasa, har yau kuma ba ta huce ba.

Bayan azahar muka sallace shi. Liman ya zo, Allah ya saka masa, amma sahun da ya tsaya a bayansa abin kunya ne. Mutumin da in ya ɗora garaya a cinya ranar kasuwa sai an rasa hanyar wucewa, shi ne aka rasa masu karɓar makararsa. Mu da muka ɗauka daga ƙofar gida, mu muka sauke a maƙabarta.

Ga wanda bai san shi ba, Baffa Julde makiyayi ne, kuma mawaƙi. Da kiwo ya tashi, da kiwo ya tsufa, garayarsa rataye a kafaɗa ɗaya, sanda a ɗaya. Duk shekara in an kawar da amfanin gona yakan sauka da garkensa a gonar mahaifina a ƙasar Tabanni, shanu su ci kara, su bar mana taki. Mahaifina ya aika masa da damin dawa, matarsa Goggo Dije ta aiko mana da kindirmo da man shanu. Ba a taɓa zama an yi ciniki a kan wannan ba, haka muka tashi muka tarar. A wannan ruga na fara jin garaya. Ya ga na ƙi tafiya gida, sai ya miƙo mini caki, wato goran nan mai tsakuwa da ake kaɗawa a bayan garaya, ya ce, "Ɗan Kaɗo, in za ka cinye mini fura, sai ka yi mata aiki." Tun daga ranar na zama ɗan amshinsa, har na yi aure, har na fara furfura, bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan Kaɗo, wato ɗan Bahaushe a bakin Fulani.

Waƙoƙinsa nasa ne, shi yake ƙirƙirarsu a bayan shanu. Ya yi wa burtali waƙa, ya yi wa mashaya, ya yi wa hadarin farkon damina, ya yi wa wata saniyarsa mai taurin kai da yake kira Kyalla. Direbobin hanyar Kaduna da kasetinsa suke korar gyangyaɗi. Matan Gwari da ke fitowa daga daji da itace a kafaɗa sukan yi masa amshi ko ba su san duk kalmomin ba. Malaman makaranta 'yan kudancin Kaduna sun sha ɗaukarsa zuwa bikinsu. Dajin nan da yanzu ake ambatarsa da raɗa, a lokacin wurin tsintar kaɗanya ne da ɗorawa, mace ta shiga ita kaɗai ta fito lafiya.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, bai taɓa wasa mutum a waƙa ba. Wani ɗan takara ya taɓa aiko masa da mota har ruga, a zo a ɗauke shi ya yi masa waƙa. Baffa ya shayar da 'yan aiken nono, ya raka su bakin hanya, ya ce, "Ku gaishe shi. Ni ba na wasa mai rai, don ban san abin da zai aikata gobe ba. Saniya kuwa na san iyakar laifinta, ta ci gyaɗar maƙwabci." In kuwa ta ci gyaɗar, shi da ƙafarsa yake zuwa gidan mai gona ya kai kansa, tun mai gonar bai gani ba.

Da ɓarayin shanu suka cika dajin, garkensa na cikin na farko da aka kora. Ina so masu cewa duk Bafulatani ɗaya ne su riƙe wannan. Ya wayi gari da turaku da igiyoyin maruƙa, ba ko karsana. Ya dawo cikin gari, wani bawan Allah ya ba shi aron ɗaki, Goggo Dije ta koma sarin nono a hannun wasu tana sayarwa. Bai taɓa roƙon kowa ba. Yakan ce, "Wanda ya ba ni su bai mutu ba."

Yanzu ga maganar da ta sa ake kawar da kai daga gawarsa. Ba yau na fara faɗinta ba. Na faɗe ta a shago, na faɗe ta a teburin mai shayi, ana ce mini in kawo shaida, ni kuwa an ɗaure mini baki a kan shaidar.

Damina biyu da suka wuce, wasu matan aure uku na garin nan suka tafi biki wani ƙauye. Mota ta sauke su a mararraba, suka kama sauran hanyar a ƙafa, 'yan bindiga suka tare su suka shige da su daji. Mazajensu suka samu kira a waya, suka haɗa baki suka ce wa maƙwabta matan sun zarce ganin dangi. Ban ga laifinsu a nan ba, kowa ya san irin kallon da ake yi wa macen da ta kwana a hannun mutanen daji, da irin gorin da ke bin 'ya'yanta. Babban 'yan bindigar ya aiko musu cewa an yi masa haihuwa, kuma da waƙar Baffa Julde ya tashi. In Baffa ya zo ya yi masa wasa ranar suna, zai saki matan.

Da sassafe mazan suka zo wa Baffa, su ukun. Ina wurin, don ya aika a kira ni. Na ga babban mutum da gemunsa ya durƙusa ya kama ƙafar tsohon nan yana kuka. Suka ce, "Baffa, ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka. Kada kowa ya ji." Mutanen da suka raba Baffa da dukiyarsa ake roƙo ya je ya faranta wa rai. Ya juyo ya ce mini, "Ɗan Kaɗo, babur ɗinka na da mai?" Kafin mu hau sai da ya sa na rantse ba zan taɓa kama sunan ko ɗaya daga cikin matan ba.

Ba zan ba da labarin hanya ba. Mun isa rana na tsaka, muka tarar da yara matasa da bindigogi, ga shanun mutane ɗaure ko'ina. Aka shimfiɗa wa Baffa buzu. Mai gayyar ya ce a wasa shi da sunansa da na ubansa. Baffa ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba ake nemana da wannan, ban yi wa masu rawani ba. Abin da na iya shi zan yi maka." Ya juya ya fuskanci wata saniya da ke ta kuka a turke, hantsarta a kumbure, ya ɗauki waƙa:

Saniya na kuka, maraƙi na wani gari,
Wanda ya tatsi nonon nan, hawaye ya tatsa.

Haka ya yi ta rerawa, su kuwa suna rawa suna harbi sama, suna ɗaukarsa a waya. Mai gayyar kaɗai na ga bai yi rawa ba. Da la'asar ya sa aka fito da matan, ya ce mu tafi. Baffa ya ba wa wadda ba ta da takalmi nasa, ya tako a ƙasa har inda muka ɓoye babur.

Ba a jima ba bidiyon ya shigo gari. Tsoho da garaya, 'yan bindiga na rawa a bayansa. Ni ban fito a ciki ba, ina gefe. Daga waya zuwa waya, kafin kasuwa ta sake ci an raɗa masa suna mawaƙin ɓarayi. Cikin duk masu tura bidiyon babu wanda ya kasa kunne ya ji abin da yake faɗa. Masu sa wa mutane waƙa a waya suka goge waƙoƙinsa. Waɗanda suka yi rawar aurensu da garayarsa suka daina amsa sallamarsa. Ƙwaryar Goggo Dije ta koma dawowa gida a cike, nonon ya yi tsami a zubar. An ci moriyar ganga an ya da kaurenta.

Mutanen gari jahilci ne ya ɗebe su, wannan ina iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne mazan nan uku. Ban ce su tona matansu ba. Da ɗaya ya miƙe a masallaci ya ce, jama'a, na san dalilin zuwan Baffa daji, alheri ne ya kai shi, da ya wadatar. Da idona na ga wanda ya kama ƙafarsa yana kuka zaune a teburin mai shayi, ana zagin Baffa a gabansa, shi kuwa yana ta juya cokali a kofi kamar sukarin ya ƙi narkewa.

Na je wa Baffa a fusace, na ce ya warware mini rantsuwata. Yana zaune yana murza igiya, ko da yake ba shi da abin ɗaurewa. Ya ce, "Ɗan Kaɗo, sunana tsohon zane ne, ya kusa ƙarewa. Su kuwa zama ke gabansu, da 'ya'ya mata da za su aurar. Ka bar ni da shi." Ya rataye garayar a bango, bai ƙara taɓa ta ba. Ciwon da ya kwantar da shi likita ya ba shi suna, amma ni na san inda ya faro.

Tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe aka fara aika wa mai gidan da suke aro, wai ya sallami iyalin ɓarayi, su bi danginsu daji. Tsohuwa mai takaba da yarinya budurwa, wane dajin za su?

Ranar sadakar uku muna zaune a tabarma a ƙofar gida, mu 'yan tsiraru, har da biyu cikin mazan nan da suka zo don kada a ce ba su zo ba. Sai muka ji muryar mace daga tsakar gida, ta ɗaga ta yadda na waje zai ji. Lantana mai ƙosai ce. Na kama sunanta yau don ita ta kama shi da bakinta. Ta ce, "Ku saurare ni, mata. Biki na tafi aka kama ni. Ba ganin dangi na zarce ba, a daji na kwana. Tsohon nan da kuke zagi, saboda ni ya je, da takalminsa na fito. Wadda za ta yi mini gori ta fara yau, na gaji da cin abinci da haƙƙinsa a wuyana." Ba ta ambaci sauran biyun ba. Hansai ta fashe da kuka. Mijin Lantana ya miƙe daga tabarma, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Yanzu an fara zuwa gaisuwa. Masu cewa Allah ya jiƙan Musulmi sun tuna sunan mamacin, har da masu cewa su dama sun san za a rina. Mai gida ya aiko cewa Goggo ta zauna, ba mai tashinta. Lantana kuwa tana gidan iyayenta, mijinta ya ce ta je sai ya neme ta. Abin da maza uku za su gyara da jimla ɗaya ba tare da sun rasa komai ba, sai da mace ta sa aurenta a kai.

Na shiga wurin Goggo Dije ina tsammanin zan same ta da sanyin zuciya. Na ce, "Goggo, Allah ya wanke Baffa." Tana jan carbi ta ce, "Da Lantana ta yi shiru, Haruna. Shi ai ya riga ya biya."

Ya Allah, ga bawanKa Julde ya zo maKa, ba garke, ba takalmi. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Goggo Dije da Hansai haƙuri, Ka zama gatansu. Ka dawo mana da zaman lafiya a dajinmu da hanyoyinmu. Ka dubi Lantana da 'ya'yanta, Ka mayar da ita ɗakinta da mutuncinta, don kada wahalar tsohon nan ta tafi a banza. Amin.