Ƙafa ta Uku

Ni maƙeri ne, ubana ma maƙeri, kuma tun da na fara riƙe masaba ban taɓa ganin ƙarfen banza irin mashin nan da Nasaran bariki ya kawo mana ba. A shekarun nan ne da mota ta fara ratsa Damargu, mutane na watsewa daji in sun ji kukanta. Kumandan, wato Nasaran nan, yana so a share mata hanya har Tarka, a kwantar da sabara da ƙarangiya da duk wani ɗan tsiro. Laujenmu da gatarinmu ba su ishe shi ba, sai ya aika ƙasarsu aka ɗauro masa wannan abu a kan raƙuma, gunduwa-gunduwa.

Da aka haɗa shi muka je kallo. Ƙafa biyu na ƙarfe a gaba, a ƙarƙashin cikinsa wuƙaƙe da ke juyawa in ƙafafun sun juya, bayansa kuwa babu komai sai wani faffaɗan ƙarfe da yake ja a ƙasa. Wallahi wanda ya ƙera shi bai taɓa taka rairayi ba. Taki goma gindin ya nutse, wuƙaƙen su kama cin yashi, abin ya cije. Wai wannan ne aka ƙetaro ruwa da shi don a koya mana aiki.

Dawakin bariki sun fi ƙarfin wannan wahala, saboda haka gardi biyu, dogaran bariki, suka shigo garinmu neman san da zai ja shi. Duk shanun garin ba su ga wanda ya yi musu ba sai jan san surukina, uban matata. Shi kaɗai ne gare shi. A ƙasarmu rijiya ta yi zurfin da ba a janta da hannu: akwai gargaren itace a bakinta, a ɗora igiya a kansa, a ɗaura wa sa, ya yi gaba, guga ya fito. Da san nan tsohon yake shayar da awakinsa, da shi yake shayar wa Fulani su bar masa nono. In babu san, babu ruwa a gidan.

Akwai tafintan kumandan, wani ɗan birni mai jar hula da takalman Nasara da suka fi ƙafarsa girma, yana tafe suna fat-fat. Shi ya gaya wa tsohon ya kwantar da hankalinsa, ranar da aka gama da mashin za a mayar masa da dabbarsa. Ni kuwa da na durƙusa ina leƙa gindin abin, sai ya taɓa ni da bulala ya ce in matsa, ƙarfen Nasara ba hauya ba ne da maƙerin ƙauye zai sa masa hannu. A gaban jama'a ya faɗa. Mutumin da ko allura bai san yadda ake huda ta ba!

Kwana uku san yana jan masifar nan, wuyansa ya saɓule, ƙuda na binsa. Ni kuma na riga na ga ciwon mashin: gindin yake so a ɗaga, a sa masa ƙafa ta uku a baya. Na gaya wa matata, ta kai wa ubanta. Tun da na auri ƴarsa ba mu taɓa zama muka yi magana ido da ido ba, gaisuwa ce kawai daga nesa, kaina a ƙasa. Amsarsa ma ta bakinta ta zo. Ya ce a gaya mini in bar abin yadda yake. Gardi sun ce kumandan ya fara zagin mashin, kwana biyu nan gaba za a jefar da shi bayan bariki kusa da garmar ƙarfen da aka kawo bara, sa ya dawo gida. Ciwon wuya kuwa ɗan man shanu ya ishe shi.

Na ji sarai. Na ce wa kaina tausayin dabba nake ji. Ƙarya ce. Maganar mai jar hula ce take cina.

Ƙarfen da zai isa ƙafa ba ni da shi, kuma a duk ƙasar babu abin da ke juyawa a kan sanda sai gargaren rijiya. Na tsohon yana nan a banza tun da aka tafi da san. Da hantsi, da tsohon ya tafi jeji da awaki neman inda za su sha, na je na cire gargaren, na ce wa surukata aro ne. Ta bi ni da ido.

Aikin kam na yi shi, ba zan ɓoye ba. Na buɗe tsofaffin ruwan hauya huɗu na yi wa gargaren ɗamara don kada ƙasa ta cinye itacen. Na ƙera gwafa ta riƙe shi. Da farko na kafe ta ƙam, da na gwada a ƙofar maƙera na ga in an zo kwana sai ta ja ƙasa ta gefe, sai na sake ta, na yi mata wuya mai juyawa irin na ƙyauren ɗaki, na huda shi wuri uku don a ɗaga ko a sauke. Na cika shi da kitse. Wani gardi da nake wasa masa wuƙa shi ya shigar da ni wajen kumandan, tafinta yana ta hura hanci.

Da aka ɗaura ƙafar aka kora san, sai ga shi yana tafiya kamar ba ya jan komai. Wuƙaƙen suka tashi yatsa huɗu daga ƙasa, sabara na zubewa. Kumandan ya yi ta tafi kamar yaro. Ya yi tambaya da yarensu, na ga tafinta ya dafa ƙirjinsa yana murmushi. Ba na jin yaren, amma wannan ba ya bukatar fassara. Shi aka miƙa wa taba. Ni ko kallo.

Sai kumandan ya sake magana, doguwa. Tafinta ya juyo yana washe baki. Ya ce tun da mashin ya gyaru, in an kai Tarka za a buɗe wata hanyar ta wajen Gangara, daga nan wata. San ya zama na bariki. Kuma tun da ga maƙeri a kusa, in hura wuta in sa masa shaida a cinya.

Na hura. Gardi suka kayar da shi, na ɗora ƙarfen da hannuna. Har yau in ana babbaka ina tashi daga wurin.

Kwana biyu na kasa bi ta ƙofar gidan surukina. Rana ta uku na je rijiya. Na tarar da tsohon ya gitta gungume a bakinta, ya ɗora igiyar a kai, ya rataya ɗaya bakin a kafaɗarsa, yana tafiya a kan turbar da san ya fitar da ƙafarsa. Rigarsa ta manne da jini a kafaɗa. Awaki na kuka a bakin kwamin shan ruwa, babu ko ɗigo. Na durƙusa daga nesa yadda na saba, na gaishe shi.

Ya tsaya. Karo na farko tun ɗaurin aure ya dube ni cikin ido.

"Sannu da aiki, maƙeri," ya ce. "An ce ƙafar ta zauna daidai."

"Baba, ku gafarce ni."

Ya sauke igiyar daga kafaɗarsa ya miƙo mini.

Na ja ta tun daga ranar har ruwan farko ya sauka, safe da yamma, maƙerata a rufe. San bai dawo ba. An ce ya faɗi a hanyar Gangara, aka cire masa igiya aka ɗaura wa na wani, don ƙafar tawa ba ta taɓa ba su matsala ba.