Yatsun Goggo Tafireta

Shekara talatin da ɗaya Goggo Tafireta ta yi a ɗakin buga takardu na wata ma'aikata, kuma ba ta taɓa kallon yatsunta ba in tana aiki. Ido na kan takardar da take kwafa, yatsu goma na ta gudu, baki kuma na gulmar shugaban ofis da ta kusa da ita. Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango, alhali tafiretar take so. Autarta ce ta ji tausayinta, ta kawo mata tsohuwar kwamfuta aka girke a lungun falo.

Shi ke nan unguwa ta samu sakatariya. Takardar neman aiki, ƙorafin rashin ruwan famfo, jawabin shugaban 'yan kasuwa, duk ta teburin Goggo suke bi. Dukan kibod ɗin kwamfutar take yi kamar ya zage ta, don hannunta da ƙarfe ya saba. Amma fa tana masa gata. Duk Asabar sai ta ɗiga masa man keken ɗinki tsakanin maɓallai, yadda take wa tafireta. Ba wanda ya hana ta, don ba wanda ya sani.

Ana nan sai kuskure ya fara shigowa. Wani harafin ya ƙi fita, wani ya fito sau uku. Ranar da mai kemis ya dawo da takardarsa, ya ja layi a wuri tara yana ta ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin, Goggo kasa cin abincin rana ta yi. Ko kaɗan ba ta zargi na'urar ba, hannunta ta zarga. Ta riƙa miƙa yatsu a ɓoye tana duba ko rawa suke. Tsoro ya kama ta sosai, don abin da ta iya a duniya ke nan.

Mijinta, tsohon hedimasta mai ƙaunar tsari, ya zo lallashi. "Shekaru ne, ba abin kunya ba ne. Ki huta haka nan."

"Malam, in hutun daɗi ne da shi, me ya sa kake gyara wa mai labaran rediyo magana?"

Cikin haushi ta ɗaga kibod ta kife shi a tebur. Sai ga ɓurɓushin burodi, ɓawon gyaɗa, fil guda biyu da gawar kiyashi, duk sun cuɗe da mai sun yi danƙo. Ta kira Auta a waya.

"Inna, mai kuma? Wa ya ce miki ana sa wa kwamfuta mai?"

"Ke kin taɓa ganin injin da ya rayu ba mai?"

Auta ta danne dariya ta faɗa mata yadda za ta yi: ta zare wayar kibod, ta ɗauki hotonsa tukun, ta ɓamɓare maɓallan da gindin cokali, ta wanke su da ruwan sabulu ta shanya, cikin kuma ta goge da auduga da sifirit. Duk ta yi, ban da hoton, don gani take raini ne. Tana jera maɓallan a faranti ta yanke hukunci a ranta: in an mayar da su kuma kuskure bai daina ba, za ta lulluɓe kwamfutar da zane ta sallami kowa.

Ta shiga kicin. Hedimasta ya zo ya tarar maɓallai sun bushe. Da ma tun tuni haruffan nan na ba shi haushi, a hargitse kamar 'yan aji ɗaya ranar farko. Ya gyara tabarau ya jera su yadda yake koyarwa, A, B, C, har ƙarshe.

Goggo ta fito ta hango an haɗa. "Sannu da aiki," ta ce, ta zauna ta jingina takardar mai kemis. Hedimasta ya buɗe baki zai yi alfahari, ta ɗaga masa hannu. "Don Allah Malam, shiru."

Ta fara bugu, idonta na kan takarda. Hedimasta na tsaye a bayanta, ya ga ta danna inda ya sa wani harafi, wani daban ya fito. Nan ya gane ashe rubutun saman maɓalli ba shi ke aiki ba, gumi ya karyo masa.

Da ta gama ta bi layi-layi da ɗan yatsa, ta sake bi. Babu kuskure ko ɗaya. Sai a lokacin ta sunkuyar da kai ta ga kibod.

"Malam, mene ne wannan?"

"Gyara na yi. Yanzu zan mayar."

"Ka san inda suke?"

Ya girgiza kai. Goggo ta yi ta dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. "Bar shi haka, ni ba karanta su nake yi ba."

Ta ɗora hannuwanta a cinya ta daɗe tana murza su, tana jin kunyar sati ukun da ta yi tana zargin su.