Zakaran Baba Ɗantani da Sunan Wana

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar wana, Malam Ummaru, Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in ce zan tuna da shi a jarida, sai in ajiye. Kunya ce ke riƙe mini hannu, yau kuwa na gaji da ita.

Zamanin Turawa Malam yana koyarwa a elementare ta Wurno, shi hukumar En'e ta damƙa wa aikin kai wasan kwaikwayo makarantu. Mu biyar ne, da jakuna biyu, da akwatin tsummoki, da zana guda da muke kafawa a madadin labule. Bayan kaka mu yi Rabah, mu dawo mu nufi Goronyo. Yara su zauna a gindin tsamiya, iyaye su tsaya daga baya, wai sun zo duba 'ya'yansu ne kawai, amma sun fi yaran buɗe baki.

Wasanmu a kan kurkunu ne. Ni nake fitowa da gemun rama, tsoho mai taurin kai da ya ƙi tace ruwan sha. Dokar Malam ɗaya ce: "Ka ƙago tsohonka, kak ka ɗauko na mutane."

A Goronyo aka sauke mu gidan Baba Ɗantani, wani dattijo manomin albasa. Kurkunu ya taɓa lalata masa gwiwa, yana ɗingishi, kuma ba ya magana sai ya ja kunnensa na hagu. Kwana biyu yana hidima da mu, har zakaransa ya yanka. Ni kuwa ina shekara goma sha tara, ina jin haushi a Rabah ba a yi mini dariya yadda nake so ba. Da na fito daga bayan zana sai na ɗingisa, na ja kunnen hagu. Yara suka tuntsire suna ihu, "Ga Baba Ɗantani!" Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara. Can na hango shi a bayan taro da ƙwaryar furar da ya kawo mana. Ya ajiye ta a ƙasa, ya juya, yana ta ƙoƙarin tafiya ba tare da ɗingishi ba.

Washegari hakimi ya kira mu. Ya ce, "Wa yas sa yaron ga cin mutuncin mai masauki?"

Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, ni nis sa shi."

Ina durƙushe a bayansa, na ji da kunnena, na yi gum. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan wani ya doka. Aka raba Malam da aikin da ya fi ƙauna a duniya, aka mayar da shi aji. Da shekara ta zagayo ni aka miƙa wa akwatin, na kuma sa hannu biyu na karɓa.

Ran da muka baro Goronyo, a hanyar komawa na soma, "Malam, ai ni..."

Ya ce, "In sunka kore ka, mi za ka yi? Ni ina da alli. Kora jakin ga, Garba, rana na yi."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma na fake da shirunsa.

Yau babu mai kai wasa makaranta, yara sun koma gidan bidiyo. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake kwaikwayon gurgu da mai i'ina ana neman tafi. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai waiwayo ya dube ni, kuma wannan ya ishe ni.

Bara na shiga kasuwar Goronyo sayen albasa. Da mai kayan ya ji daga Wurno nake, sai ya ce, "Garin malamin nan da yac ci zakaran kakanmu yay yi mai tsiya gaban yara?" Da furfurata da komai, na ɗauki albasata na yi gaba. Shiru na biyu ke nan, ya kuma fi na farko muni, don yanzu ba aikin da za a ƙwace mini.

Malam ya bar abubuwa biyu. A Wurno da Rabah akwai tsofaffin da har yau ba su shan ruwa sai sun tace da ƙyalle, in ka tambaya su ce a wasan Malam Ummaru suka gani. A Goronyo kuwa ya bar baƙin suna, kuma ba nasa ba ne, aro ya yi don ƙanensa ya ci abinci. Jikokin Baba Ɗantani, in wani ya karanta muku wannan, ku yi wa Malam addu'a, shi hana ni kwaikwayon mutane ya yi. Wanda ya ci zakaran kakanku ya ja kunne ni ne, Garba, ina nan Wurno da raina.