Daminar da Na Tsinke Kurkunu

Har yau in aka yi makoki a nan Tudun Wada, matan zumuntar majami’a suka zauna, wata ta ce, “To me ya sa Allah ya bari?” sai in ji an taɓa ni, wai tsohuwa ta ce wani abu. Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Abin da nake da shi labarin ƙafar maigidana ne, shi nake ba su.

Muna zaune gefen Furfuri lokacin, ƙasar Bungudu, ’yan shekaru kafin Turawa su tafi. An kawo ni daga wajen Tsafe, kuma ba mu daɗe da yin baftisma ba, ni da shi. Wansa, wanda dukanmu muke ce wa Yaya, shi ke riƙe da tsafin gidansu. Tun ranar da muka bi Almasihu ya daina cin tuwonmu, ya ja darni tsakanin ɗakinsa da namu.

Maigidan nan nawa ƙaƙƙarfa ne, kuma ya san shi ƙaƙƙarfa ne. Bai taɓa kiran gayya ba. In ya ga mutum kwance da ciwo, abin da zai ce shi ne, “Lalaci dai.” To, gero ya tsiro ke nan, ana shirin noman farko, sai ga bororo a idon sawunsa na dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, wani abu fari kamar zare ya leƙo. Kurkunu. Gonar nan ɗaya ita ce abincinmu na shekara, ga ni da tsohon ciki, ga harƙiya tana tsere da gero.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Musulma da muke kira Inna, ita ta koya mini naɗi. A jiƙa ƙafar da ruwa, a kama kan a hankali, a naɗe a tsinke, a shafa man shanu a ɗaure. Kullum ɗan kaɗan, iya abin da ya yarda ya fito.

“In ya ƙi, ki bar shi,” in ji ta. “Kurkunu ba a yi mai gaggawa, ɗiyata. Shi ka ba ki, ba ke ka amsa ba.”

Yaya kuwa ya samu abin faɗi. Da safe sai ya tsaya bayan darni da hauya a kafaɗa, yana magana kamar da kaji yake yi.

“An bar na gida an bi na Turawa. To ga shi nan. Ku kira shi ya zo ya yi maku noma.”

Ni kuma bakina ba ya zama. A bakin rijiya, gaban mata, na ce ranar Lahadi da ƙafarsa zai taka zuwa majami’a, su zuba ido. Na yi addu’a, na yi azumi, a raina na riga na sa wa Allah rana.

Asabar ta zo, kurkunu bai ko kai rabi ba. Bayan azahar maigida ya yi barci gindin ɗorawar ƙofar gida. Na kwance tsumman, na kama tsinken, na naɗa, ya biyo. Na ƙara, ya tsaya. Nan ya kamata in bari. Sai na tuna fuskokin matan rijiya, na ja. Ko ƙara bai yi ba ya tsinke, na dai ga guntu yana lilo a hannuna, sauran ya koma ciki.

Kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Mijin Inna ya ba mu jaki aka kai shi wurin shan magani na mishan a Bungudu, aka tsaga aka matse. A can ma’aikacin ya gaya mini daga ruwan kududdufi ake shan abin, a riƙa tacewa da ƙyalle. Na ce ashe ba tsafin Yaya ba ne, ba kuma fushin Allah ba ne, kududdufi ne da hannuna.

Da muka dawo na durƙusa na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, “Ke kika ja, amma ni ma da na farka da na ce ki ja.” Daga nan ya juya fuska ya yi kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na ji shi yana cewa Ubangiji ya san zafin ƙafa, tunda shi ma an huda tasa. Wannan magana ta zauna mini. Wanda muke kai wa kuka ya ɗanɗana da jikinsa, ba labari aka ba shi ba.

Washegari ya ce in kama shi. Ya dafa ni da hannu ɗaya, sanda a ɗaya, muka zagaya darnin nan. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa allura ba ya zauna ƙasa gaban wansa.

“Yaya, gero zai mutu. Ka kira mani gayya.”

“Allahnku fa?”

“Shi yac ce in zo wurinka.”

Yaya ya tofar da yawu. “Gayya babu giya? Wa ka zuwa gayyar kunu?”

Amma ran Talata sai ga shi da mutane, nasa da ’yan majami’a da ’ya’yan Inna, layi guda. Kunun ma tukunya uku suka shanye. Yana noma yana faɗa wa duk mai kunne cewa don gonar ubansa ya zo, kada wani ya yi zaton wani abu. An makara, geron bai yi kamar na bara ba, amma da shi da ɗan rogo muka ga wata kaka. Ƙafar kuwa ba ta koma daidai ba, da ɗingishi ya shiga kabari.

Shi ya sa ba na ce wa mai makoki na san dalilin Allah a kan nata. Ban sani ba, kuma wanda ya ce ya sani ina jin tsoronsa. Abin da na tabbata, kamar yadda na san hanyar madafata, shi ne bai bar mu mu kaɗai ba, kuma wahalar ba ta tafi a banza ba. Mutum mai ƙarfi na aura, amma wanda ya tashi daga tabarmar jinyar nan mai tausayi ne. Ya zama duk ƙauyen in kurkunu ya fito wa wani, shi ake kira, don ba hannun da ya kai nasa haƙuri.

Damina ta zagayo, Yaya ya ƙi tace ruwa, wai ƙyalle aikin mata ne. Sai ga nasa kurkunun, har biyu. Bai bar tsafinsa ba, har ya rasu bai bari ba, amma darnin shi da kansa ya ce a cire don a riƙa kai masa tuwo. Kullum da safe maigida zai ɗora ƙafar wansa a cinya, ya jiƙa, ya naɗa ɗan abin da ya samu. Wata rana na kawo man shanu, na sunkuya zan duba, Yaya ya janye ƙafa.

“Ke, tsaya can,” ya ce. “Addu’arki na yarda, ki yi ta daga nesa. Tsinken dai ki bar ma mijinki.”