Azumin da na ɗora wa yarinya mai sikila

Lokacin da abin nan ya faru shekarata goma sha bakwai, muna zaune a unguwar Malali, kuma a zumuntar matasan cocinmu babu wanda ya kai ni rawar kai. Ni ce mai addu'a da ƙarfi, ni ce mai haddar ayoyi. Iyaye suna nuna ni ga 'ya'yansu, ni kuwa kaina sai kumbura yake. Da dogon hutu ya zo aka shirya sansanin matasa na mako guda a wata makarantar kwana, aka ba ni shugabancin ɗaki mai 'yan mata goma sha biyu. Sai na ji kamar fasto aka naɗa ni.

A cikinsu akwai 'yar maƙwabtanmu, shekararta goma sha huɗu, tana da ciwon sikila. Siririya ce, ba ta da hayaniya, amma ga murya in ana waƙar yabo. Ranar tafiya mahaifiyarta ta raka mu har tashar Kawo, ta damƙa min ledar magungunanta, ta ce in tabbata tana sha kowace safiya, kuma kada ta rabu da ruwa, don ƙishirwa da sanyi su ke tayar mata da ciwon. Na ce Mama ta kwantar da hankalinta, ai ƙanwata ce.

A rana ta uku aka sanar da azumin kwana biyu, ba ci ba sha har faɗuwar rana. Faston matasa ya faɗa a fili, har sau biyu, cewa marar lafiya kada ya yi. Na ji da kunnena, ba zan ɗora wa bawan Allah laifi ba. Amma mu shugabannin ɗakuna gasa muke a ɓoye, kowace tana so a ce 'yan ɗakinta ne suka fi girma cikin ruhu, ni kuma ban yarda a ce a ɗakina akwai mai ci ba. Na ja yarinyar nan mai sikila bayan wani aji na buɗe mata ayoyin warkarwa. Na ce tun tana jaririya take shan magani, me ya tsinana mata? Ta ce tsoro take ji, mamanta ta hana. Sai na tambaye ta wa ta fi ba da gaskiya gare shi, mamanta ko Yesu. Kai, wannan tambaya! Ta sunkuyar da kai ta miƙo min gorar ruwanta, na haɗa da magungunan na kulle a akwatina.

Ranar farko ta kai yamma ba ta karya ba, na tsayar da ita gaban 'yan ɗaki aka yi mata tafi. Rana ta biyu ruwan sama ya dake mu muna dawowa daga sujadar safe. Kafin tsakar rana ta kwanta tana cewa bayanta da ƙafafunta kamar ana sara. Ta roƙe ni ruwa, ko kurɓi ɗaya. Na ce ciwon ne yake fita, Shaiɗan ne ke so ta karya saura kaɗan. Na tara 'yan ɗaki muka kewaye ta da addu'a, muryoyinmu suka danne kukanta. Sai da wata yarinya ta yi ihu na buɗe ido, na ga bakin mai sikilar ya karkace, hannunta na dama ya saki. Ɗaya daga cikin iyaye mata masu dafa mana abinci ta faɗo ɗakin, ta ture ni gefe, ta goya ta ta fita da gudu.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, amma tana jan ƙafa, maganarta da ƙyar take fita, waƙa kuwa shi ke nan. Da ta fara iya magana aka tambaye ta wa ya sa ta azumi. Ina tsaye a wurin. Ta dube ni, sannan ta ce ita ta sa kanta. Ni kuma, mai bakin wa'azi, na bar maganar a haka. 'Yan ɗakinmu ma tsoro ya rufe musu baki. Wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta zo dubiya ta ce ko su a nasu addinin an ɗauke wa marar lafiya azumi, wane irin ganganci ne wannan. Na sulale na fita waje na yi ta kuka, mutane suka ɗauka tausayi ne.

Bayan shekara uku yarinyar ta rasu, ba ta taɓa tona ni ba. Yanzu ina da aure har da 'ya, kuma kunyar abin ba ta ragu ba. Na gane cewa abin da nake kira bangaskiya a lokacin son a yabe ni ne kawai, na yi amfani da sunan Allah da jikin yarinyar mutane don in ci gasa.

Don Allah masu shirya sansanin matasa, kada ku ba yaro riƙon lafiyar yaro don kun ga ya iya addu'a. Ku san masu ciwo, ku sa babba a kansu. Ku kuma matasa, duk wanda ya ce ku ajiye magani don nuna bangaskiya, ku ƙi, ku je ku faɗa wa manya, ko da shi ne tauraron cocinku.

Mahaifiyar yarinyar tana nan a Malali, ta tsufa. Duk ranar da na je gida sai ta riƙe hannuna ta sa min albarka, tana gaya wa mutane ni ce na kula da 'yarta har ƙarshe. Na nemi gafarar Allah ba adadi, amma ita ban taɓa neman tata ba. Ranar Lahadi, in an tashi daga coci, zan je in durƙusa in faɗa mata wanda ya kulle ruwan 'yarta.