Sirdin Baba Maccido

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ita ce shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa wata firamare a Lafani. Na kama ɗaki a Illela, na yi wata biyu ina zuwa makaranta a kan babur, har na rasa gane tsakanin ni da babur ɗin wa ke yi wa wani aiki. Na tura shi zauren mai gidan da nake haya, na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, na shiga cigiyar inda ake samun keke. Mutum uku na tambaya, duk suka ce in nemi Maccido, kuma kowannensu sai da ya yi dariya kafin ya faɗi sunan. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, dariyar nan ta fi keken tsaya mini a rai.

Rumfarsa tana bayan tasha, a gindin wata bishiyar dogon yaro. Dattijo ne siriri mai farin gemu, zai haura sittin da biyar, amma ƙwaurinsa na ɗan kokawa ne. Ba ya sayar da sabon keke. Haɗawa yake yi: gangar jiki daga wannan tsohon keke, taya daga wancan, feda daga wani da ya mutu tun zamanin soja. Kayan da ya rataye ma kashi biyu ne, na dama waɗanda suka fito daga Sakkwato, na hagu waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Ƙonni, don ya ce tayar can ba ta hawa kan ƙarfen nan, ko famfon iskarsu ba ɗaya ba ne.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, keke nika so."

"Ina za ka da shi?"

"Makaranta."

"Makaranta ba hanya ba ta, Malam. Ta ina kaka bi?"

Na faɗa masa. Ya tambayi ƙarfe nawa nake fita, ya tambayi abin da nake ɗauka, ya tambaya ko ta inda na je nake dawowa. Har nauyin littattafan yara sai da ya tambaya. Ina ta amsawa da murna, a zatona ciniki ya faɗa. Da ya gama sai ya sauke numfashi, ya nuna mini gindin bishiyar da leɓe. Wani baƙin keke ne a jingine, an goge shi yana sheƙi, an zagaye shi da sarƙa an haɗa da bishiyar, an datse da kwaɗo.

"Da bara kaz zo da ka samu," in ji shi. "Yanzu sai faci. In tayarka ta hwashe kawo."

Na ce ai ba ni da tayar da za ta fashe, ya dai haɗa mini kowane iri, ni ba mai zaɓe ba ne. Ya ce babu keken da ake kira kowane iri. Na yi magiya, na yi ɗan faɗa, ya ci gaba da murza robar facinsa kamar da bango nake magana. Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan tsoho rigima ce kawai ke cinsa.

Mai gidana ne ya warware mini zare da abawa. Ya ce shekara arba'in ke nan Maccido bai taɓa haɗa wa mutum keke ba sai ya hau nasa ya bi hanyar da mutumin zai riƙa bi, zuwa da dawowa. In ka ce Amarawa za ka, sai ya je Amarawa. In ka ce gona, sai ya je har bakin kunyarka. To, wata huɗu da suka wuce jiri ya ɗebe shi a hanyar Amarawa, ya faɗi ya kwankwatse gwiwa, masu amalanke suka tsinto shi. A asibiti aka ce hawan jini ne, kada ya sake hawa keke. Ɗiyarsa Lubabatu, wadda ke aure a nan cikin gari, ta san halin ubanta, shi ya sa ta sayo kwaɗo ta ɗaure keken, makullin kuma yana ƙulle a bakin mayafinta. Tun daga ranar bai sake haɗa ko ɗaya ba, masu nema sun fara komawa wurin wasu.

"Rumhwar mutuwa takai," in ji mai gidan, "kuma shi ma ita za shi bi, in ba a yi wasa ba."

Da na ga dama da washegari na je wata rumfar na sayi keke na huta. Amma tambaya ta riga ta shige ni, kuma ni in tambaya ta shige ni ba na barci da daɗi. Sai na mai da gindin dogon yaron nan wurin hirata bayan la'asar. A kwana na uku na tambaye shi kai tsaye abin da ya sa sai ya bi hanya.

Ya yi murmushi, ya ajiye sifana. Ya ce yana saurayi, bai daɗe da buɗe rumfa ba, ya samo wani keke daga Ƙonni, ja, mai siririyar taya, irin wanda in ka hau kan kwalta iska kawai kake ji. Wani manomi daga Darna Sabon Gari mai suna Dabo ya gani ya ƙyasa, shi kuma ya sayar masa yana ta zuba yabo. Bayan wata ɗaya wata hidima ta kai shi Darna, sai ga Dabo cikin yashi tsamo-tsamo, rana tsaka, yana tura keken da hannu, gumi har idon sawu.

"Na ɗauka zagina za shi yi," in ji Maccido. "Sai yag gaishe ni da hwara'a, yac ce, 'Keken na da kyau, Maccido, kullum tare muka tahiya, ni ga ƙasa shi ga ƙasa.' Wallahi Malam, da mari yay yi min da ya hi sauƙi. Ban yi mai ƙarya ba, keken na da kyau. Hanyar ta ban tambaya ba."

Muna cikin haka Lubabatu ta iso da kwanon abincinsa. Mace ce mai jiki, mai saurin magana, idonta ya fara sauka kan kwaɗon kafin ya sauka kan ubanta. Ta gaishe ni sama-sama, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ake zargi. Da ta juya tana zuba ruwa a buta, na rage murya na tambaye shi ko mai gyaran keke na shekara arba'in zai rasa yadda zai yi da ɗan kwaɗon kasuwa.

"Wanga?" Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Da guntun waya kahin ka yi atishawa na buɗe shi. Amma randa anka kawo ni gida bisa amalanke, na ga yadda tay yi kuka. Ba ni sake ganin wannan."

Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma tausayin ne ya sa bakina ya riga tunanina. Na ce to me zai hana ni in bi hanyar in zo in ba shi labari, ai kullum ina bin ta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wanda ya bi hanya a kan babur bai bi ta ba, wucewa ya yi. Lubabatu ce ta tsoma baki. Ta ce in dai ni zan hau ba shi ba, za ta buɗe keken da safe ta rufe da yamma da hannunta. Tsohon ya dubi keken, ya ce a gwada.

Ranar farko na dawo ina haki, cinyoyina kamar an yi musu dukan sakwara. Ya ce, "Yaya hanya?" Na ce lafiya lau, sai ɗan yashi nan da can. Ya ce yashin taku nawa ne? Mai laushi ne ko mai tsakuwa? A ina na sauka na tura? Iska ta gabana take da safe ko ta bayana? Ni da nake tsare 'yan aji biyar da tambaya, sai ga ni ina susar ƙeya a gaban mai faci. Sai ya jawo keken ya kifa shi, ya bi tayar da ɗan yatsa a hankali, ya zaro ƙayar tsidau guda uku ya jera mini a tafin hannu.

"Ka bar hanyar amalanke ka ratsa gefen gona," in ji shi. "Taya ta hi ka ba da labari."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma haushin ne ya tashe ni da wuri washegari. Na tafi da ɗan littafi a aljihu, ina tsayawa ina rubutawa, har wani mai raƙumi ya tambaye ni ko gwamnati ce za ta zuba kwalta. Na dawo na karanta masa shafi biyu. Ya saurara da ido a rufe, ya ce da sauƙi, amma na ba shi labarin hanyar zuwa ne kawai, mutum kuma da gajiya yake dawowa, hanyar dawowa ita ce hanya.

A rana ta uku na bar littafin a gida. A nan na fara ganin abin da wata biyu a kan babur bai nuna mini ba. Akwai wani gangare da ban taɓa sanin gangare ba ne sai da ƙafata ta huta da kanta. Akwai inda shanu ke ƙetarawa sun daddatse ƙasa, keke na rawa har haƙora na haɗuwa. Akwai yashi mai taku ɗari da ashirin bayan gonakin albasa, wanda da safe yana da sanyi yana ɗaukar taya, da azahar kuwa sai ya saki ya haɗiye ta. Ina faɗa masa wannan na ƙarshen ya buɗe ido.

"Har yanzu shina nan? Kusa ga wata tsamiya mai reshe guda karye?"

Na ce tana nan. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce yashin nan ya taɓa kayar da shi a gaban 'yan mata masu tallan nono, shekara talatin da suka wuce. Sai ya miƙe, yana ɗingishi, ya fara sauko da kaya daga rataya. Lubabatu da ta zo rufe keke ta tsaya da kwaɗo a hannu tana kallonsa.

Kwana tara ya yi yana haɗawa, kuma kullum ina wurin ina damunsa da tambaya. Gangar jikin ta wani tsohon keken ɗaukar kaya ce, tayoyin masu faɗi daga ɓangaren Ƙonni, ya shimfiɗa yankakkiyar tsohuwar roba a cikinsu saboda tsidau. Ya sa wa sarƙar babban faranti mai haƙora a baya don yashin azahar, ya ce gudu zai ragu amma ba zan sauka in tura ba. Kariyar ɗora kaya ta baya kuwa sai da ya sa na kawo littattafan yara ya ɗora ya gani. Sirdi kawai ya rage, ya ce in dawo ranar Alhamis.

Ranar Alhamis na tarar da keken a tsaye a bakin rumfa, wani manomi kuma yana zaune a kan benci yana jira. Na kai hannu kan sirdin sai na tsaya. Na san shi. Kwana uku na yi a kansa: baƙar fata ce da ta sha zama har ta yi santsi, ta ɗan karkata hagu, da ɗinkin jan zare a gefe. Na waiga gindin bishiya. Baƙin keken yana nan a jingine, an goge shi kamar kullum, sai dai inda sirdi yake ƙarfe ne tsirara.

"Baba, wanga ai naka na."

"Na duba dut abin da ag gare ni, babu wanda ya dace da wagga hanya sai shi," in ji shi, bai ɗago ba. "Kak ka gyara karkatar. In kay yi wata guda za ka ji daɗinta."

Na shafa jan ɗinkin da ɗan yatsa. Ina tsaye a haka Lubabatu ta iso da kwanon abinci. Ta dubi kekena, ta dubi na gindin bishiya, ta ajiye kwanon a hankali. Ta daɗe tana kwance ƙullin bakin mayafinta, sannan ta miƙa wa ubanta makullin.

"Riƙe abinki, ɗiyata," in ji shi. "Ki kwance sarƙar dai, ta bar cin bawon icce. Ba inda za shi."

Ta juya mana baya ta durƙusa wurin kwaɗon, ta daɗe ba ta tashi ba. Shi kuma ya goge hannunsa da tsumma, ya nuna mini mutumin da ke kan benci.

"Wanga bawan Allah daga Darna yaz zo, keke shika so. Malam, ran Asabar kana da aiki?"

Na ce ba ni da shi.

"To ka hita da sassahe ka bi hanyar Darna. Kuma ka dawo ta inda kab bi."